Birgediya Brekke da Tuffar Yayata

Mijin yayata, Birgediya Eilif Brekke, shekara arba'in ya yi cikin kaki, kuma a iya sanina sau biyu kacal ya taɓa makara a rayuwarsa. Mutum ne da in ya ce zai zo shan kofi ƙarfe uku, to saura minti biyu za ka hango shi ta taga yana tsaye a bakin ƙofa yana duban agogo, ba zai ƙwanƙwasa ba sai lokaci ya cika cif. Ni Gunvor, ƙanwar matarsa, na yi shekara hamsin ina tsokanarsa a kan wannan hali, shi kuma yana ce mini ba don horon soja ba da tuni ya tura ni cikin ruwa.

Ba ɗan manya ba ne. Ubansa mai ɗaure igiya ne a jirgin fiton da ke tsallakar da mutane a nan Hardanger. Ranar da na fara ganinsa yana ƙaramin hafsa, sun sauko daga atisaye a kan duwatsu, yunwa ta ci shi, ya tsallako shingen gonarmu. Da ya tashi sata bai tsinki tuffar ko'ina ba sai ta bishiyar bayan rumbu, wadda ko mu 'ya'yan gida ba ma taɓawa sai Baba ya ba da izini. Yaya Torunn ce ta kama shi da rabin tuffa a baki.

Ta ce, "Kai soja, haka aka koya muku tsaron ƙasa?"

Ya ƙame ya sara mata, kumatu cike. Bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure a cocin ƙauyenmu.

Wannan bishiya kakanmu ya tarar ta tsiro da kanta a gindin katanga, kuma ba ta da suna a littafin kowa. 'Ya'yanta ba su da kyan gani, gefe ja gefe kore, amma guda ɗaya in aka yanka sai ƙamshi ya cika ɗaki, kuma takan kai bikin Ista, bayan hunturu, a ajiye ba ta yi laushi ba. Tuffa kuwa ba ta bin ƙwayarta, in ka shuka ƙwayar wata aba daban za ta fito maka. Sai dai a yi mata aure: a yanko ɗan siririn reshe cikin hunturu, a haɗa shi da gindin tuffar daji, a ɗaure a shafe da danƙo. Daga mahaɗin zuwa sama ta gida ce, daga mahaɗin zuwa ƙasa ta daji. A gidanmu babu mai hannun wannan aiki kamar Torunn. Shi ya sa ranar da za ta tare, Baba ya ba ta wuƙarsa.

Daga nan sai yawo. Eilif ya yi kyaftin, ya yi manjo, ya yi kanar. Ya zauna a can arewa kusa da iyaka inda rana ke ɓacewa wata biyu, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Labanon har sau biyu, ya dawo da gwiwa ɗaya da ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun ce bai taɓa cin abinci ba sai ƙaramin kurtu ya ci, kuma na yarda, don ba shi da mugunta ko kaɗan. Abin da yake da shi dai, komai nasa sai an tsara, kuma a tsarin nan gida ne kullum a layin ƙarshe.

Gida goma sha ɗaya suka zauna. Allah bai ba su haihuwa ba. Duk gidan da suka sauka, kafin a gama buɗe akwatuna Torunn ta zagaya baya ta zaɓi wuri. Ni kuma cikin Fabrairu sai na yanko rassa a bayan rumbu, na naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, na kai gidan waya. Sabon dashe yana son shekara huɗu ko biyar kafin ya yi 'ya'ya. Soja kuwa shekara biyu ko uku suke barin mutum a wuri ɗaya. Ba sai na faɗi sauran ba: ta shuka goma sha ɗaya, ba ta ci ko ɗaya ba.

Na taya su kwashe kaya sau uku, kuma duk ukun abu ɗaya na gani. An gama loda babbar mota, Eilif ya zauna a tasu motar ya tayar da inji, ita kuma tana bayan gida da bokiti tana ba bishiya ruwa. Sai ya danna hon.

"Torunn! Mun makara!"

"Minti biyar," in ji ta.

Sai ya ƙara dannawa.

Nawa laifin kuma ga shi, don kada a ce na shafa masa baƙi ni na fita fes. Bayan rasuwar Baba, ni da marigayi mijina muka sare tsofaffin bishiyoyin gonar gaba ɗaya, muka dasa irin da 'yan kasuwa ke so. Ta bayan rumbu ma ba ta tsira ba. Sai da aka ƙone kututturen sannan na iya buga wa Torunn waya.  Ta ce, "Ba komai, ƙanwata. Ai na warwatsa 'ya'yanta a duniya. Ranar da muka zauna wuri ɗaya, sai in je in ɗauko ɗaya." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ya yi ritaya yana da shekara sittin. Aka yi masa fareti, aka ba shi takobi a akwatin gilashi, suka dawo ƙauye suka sayi ɗan farin gidan da ke saman namu. Hunturun farko Torunn ta ce masa su hau mota su je su yanko reshe. Ya ce bana akwai taron tsofaffin sojoji, kuma shi ne shugaba. Na biyu, an sa shi a wani kwamiti a Oslo. Na uku, yana rubuta tarihin bataliyarsu. Gaskiyar magana, mutumin nan ya tuɓe kaki ne amma bai bar bariki ba. Ko a tebur yake, kunnensa na wurin waya, yana jiran a kira a ce ana buƙatarsa. Ana kiran kuwa, amma kowace shekara sai kiran ya ragu.

"Baɗi, Torunn. Na yi miki alkawari, baɗi."

Cikin kakar shekara ta huɗu ciwo ya kama ta, mako shida ta yi a kwance, ta rasu. Wannan ce makararsa ta farko.

Bayan an binne ta bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya ci gaba da tashi ƙarfe biyar, yana goge takalman da ba inda zai je da su. Nakan hango shi ta taga zaune a kujerarta da faranti ɗaya, sai abinci ya fita raina. Ni ma kewarta nake, kewar da har yau in na ji abin dariya sai na kai hannu kan waya kafin na tuna.

Ran nan bayan Kirsimeti sai ga shi da taswira a hammata. Ya shimfiɗa ta a teburin kicin ɗina, ya yi wa wurare goma sha ɗaya jan zagaye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace ƙasa za mu ci da yaƙi?"

"Ki bar wasa, Gunvor. Yaushe ake yankan reshe?"

"Fabrairu. Sabon tsiro na shekara ɗaya, kaurin fensir. Bari in ɗauko rigar sanyina mu tafi tare."

"Ni na yi alkawarin, ni zan cika."

Haka ya tafi shi kaɗai, yana bugo mini waya kowace yamma kamar mai ba da rahoto. Uku na arewa sanyi ya kashe su tun tuni. Ɗaya an mai da wurin filin ajiye motoci. Wata matar gida ta ce masa ita ta sa aka sare tata don tana zubar mata da ganye a kan shanya. Haka ya bi su yana sokewa da biro har saura ɗaya, wadda ke bayan gidan kwamanda a wani bariki can gabas, inda shi kansa ya yi kwamanda shekara uku.

A ƙofar barikin ya tarar da mai gadi, wata mata mai shekaru da tabarau. Ya faɗi sunansa da muƙaminsa. Ta duba na'urarta ta ce ba ta ga sunan ba.

"Baiwar Allah, ni na riƙe barikin nan. Hotona yana rataye a zauren hafsoshi."

"To hoton yana da izinin zama ciki, Baba. Kai ne ba ka da shi."

Mako uku ya jira takarda. Da ta fito aka ba shi minti goma sha biyar, aka haɗa shi da wani saje mai rakiya. Ya dawo mini da rassa shida a jiƙaƙƙiyar jarida, miƙaƙƙu sambal, yana ta haskakawa kamar wanda ya dawo da tuta. Na yi musu aure a bayan gidansa da wuƙar Baba da Torunn ta bari. Ɗaya ya kama da ƙarfi, muka bar shi.

Tun ganyen farko na san akwai matsala. Ganyen ƙanana ne, ga 'yan tsinin ƙaya a jikin reshen. Ni da na tashi a ƙarƙashin bishiyar bayan rumbu, ko a mafarki na san ganyenta. Na buɗe baki zan faɗa, sai na dube shi. Ya kafa mata sanda, ya zagaye ta da waya don barewa, yana auna tsawonta duk ranar Litinin yana rubutawa a littafi. Mutumin da ya yi watanni ba ya cin abinci sai ga shi yana neman ƙarin dankali. Na ce bari dai sai wani makon. Wani makon nan shi ya zama shekara huɗu.

Kakar da ta yi 'ya'ya, guda bakwai ta yi, ƙanana, kore shar. Ya gayyace ni ƙarfe uku. Na tarar ya sha kwat, ya shimfiɗa farin ƙyallen tebur na Torunn, ya jera faranti uku. Ya yanka ɗaya gida biyu, ya miƙo mini rabi. Babu ƙamshin da ya tashi. Ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye, fuskarsa ko motsi. Ni kuwa da na ɗanɗana sai da hawaye ya fito mini don tsami.

Ya ce, "Wannan ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce."

"Amma bishiyarta ce. Na gan ta da idona, a inda ta dasa ta."

"A ina ka yanko, Eilif? A jikinta, daga ina?"

Sai a ranar ya gaya mini. Bishiyar ta yi shekara kusan talatin ba mai gyara ta, ta yi tsawo, rassan sun fi ƙarfin hannunsa. Ga gwiwa ba ta hawa. Saje na tsaye yana duban agogo, shi kuma Birgediya guda ya ji nauyin ya ce a taimaka masa da tsani. Da ya duba ƙasa sai ya ga sababbin tsiro sun fito daga gindi, masu kyau, kaurin fensir daidai yadda na ce. Su ya yanko.

Na ce, "Ƙasan mahaɗi ka yanka. Ta daji ka kawo mana."

Ya daɗe yana kallon faranti na ukun. Sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ganyen farko."

"An sha yi mini ƙaryar rahoto a soja, Gunvor, amma ba a taɓa yi mini ta shekara huɗu ba."

"Ai da ka tambayi tsani da ba a yi maka ba."

Mako biyu ba mu gaisa ba. Ni ina jin haushin girman kansa, shi yana jin haushin shiruna, kuma kowannenmu ya san ɗayan yana da gaskiya. Abin da ya shirya mu wasiƙa ce. Wani tsohon abokin aikinsa ya rubuto masa cewa za a rushe tsofaffin gidajen hafsoshi na barikin da zarar ƙanƙara ta narke. Ya shigo kicin ɗina da ita a hannu, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.

"Kina da tsani mai naɗewa?"

"Ina da shi. Ka iya riƙewa, ko shi ma sai an ba ka horo?"

Da Fabrairu ta yi muka ɗaure tsani a kan mota, takardar izini na aljihunsa tun wata guda. Matar nan mai tabarau muka sake tararwa a ƙofa, ta ƙara furfura. Ta tambaya sunan wa za ta rubuta. Na zuba ido in ji jerin muƙamai.

Ya ce, "Rubuta mijin matar da ta dasa tuffar bayan gidan kwamanda."

Ta ɗago ta dube shi. "Mai ja da kore? Wadda ke sa aljihu ƙamshi? Ai duk kaka sai na tsinto wa jikokina. Ashe da mai ita." Ta ce wa mai rakiya kada ya duba mana agogo.

Rabin bishiyar ya bushe. Ni da shekara sittin da biyar na hau tsani, Birgediya yana riƙe da ƙafar tsanin yana ba ni umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Da ƙyar na samo tsiro huɗu masu rai a can ƙololuwa. Da na sauko na share ƙanƙarar gindin da takalmi, na nuna masa wani kumburi da ya zagaye kututturen a karkace.

"Ga mahaɗin. Haka take yanka, a karkace zuwa hagu. Ba mai yi haka sai ita."

Ya cire safar hannu. Ya sauke gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa a kan ƙanƙara, ya ɗora tafinsa a wurin. Na juya baya ina gyara jaridar da ba ta buƙatar gyara.

A hanyar dawowa mun yi tafiyar awa guda. Can ya ce, "Ranar da muka bar gidan nan, sau uku na danna mata hon."

"Huɗu. Ina bayan mota."

"Me take yi haka da daɗewa? Ruwa bokiti ɗaya ne fa."

Na ce ban sani ba, don ban taɓa tambayarta ba.

Tsamammiyar bishiyar nan tasa ba mu tumɓuke ta ba. Ai gindin daji ake nema dama, ga shi kuwa ya yi shekara biyar yana kafa saiwa. Na sare mata kai, na aura mata rassan Torunn guda huɗu. Biyu suka kama. Da ganye ya buɗe cikin Mayu, faffaɗa mai duhu, sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ƙone kututturen bayan rumbu. Ya tambaye ni shekara nawa. Na ce a kan babban gindi irin wannan, uku in an yi sa'a. Ya rubuta a littafinsa.

Bana ce shekara ta uku. Ta yi fure, ta riƙe 'ya'ya biyar, kuma gefensu ɗaya ya fara ja. Sai ƙarshen Satumba za su nuna. Likitocin Bergen kuwa sun ce zuciyarsa ba za ta jira Satumba ba, dole a yi masa aiki cikin Agusta, kuma ba su ɓoye masa cewa a shekarunsa ba kowa ke tashi ba. Ya roƙe su mako shida, suka ce a'a. Na ce ya tsinki ɗaya ya ɗanɗana ko ɗanya ce. Ya ce ya riga ya ci tsami sau ɗaya, ya ishe shi.

Talatar da ta wuce na zo ɗaukarsa zuwa asibiti. Jirgin fito na ƙarfe tara za mu kama. Takwas da rabi ya fito da 'yar jakarsa, takalmi na ƙyalli, ya sa ta a bayan mota. Ya miƙa mini makullin gida da littafin awonsa.

"In na daɗe, ki tsinke su ranar ashirin da biyar ga Satumba. Ki ci. Kada ki kai mata kabari, kin san ba ta son ɓarna."

"Kai za ka tsinke abinka. Shiga mu tafi."

Bai shiga ba. Ya zagaya bayan gida. Na zauna na tayar da inji, ina hango shi ta tsakanin gida da shinge. Ya cika bokiti, ya ɗingisa da shi zuwa gindin bishiyar, yana zubawa kaɗan-kaɗan yana jira ƙasa ta shanye. Ruwan ya ƙare, bai motsa ba. Yana tsaye kawai da bokiti a hannu yana kallonta, tun daga mahaɗi har zuwa 'ya'yan nan biyar.

Tara saura kwata. Saura minti goma. Can ƙasa na hango jirgin ya iso, motoci sun fara shiga. Ban san lokacin da hannuna ya hau kan hon ba.

Kamar ya ji a jikinsa, ya ɗago murya bai waiwayo ba.

"Minti biyar, Gunvor."

Na janye hannuna, na kashe injin. Jirgin tara ya tafi ba mu a ciki.